Amanar Wardi Mai Launi Biyu

Tofa, 14 ga Yuni

Zuwa ga uwargidana Amsa, Maman Ridwan,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan ta same ki lafiya kamar yadda ta bar ni. Yaya jikin Hajiya mahaifiyarki? Uwaisu direba ya ce da ya kawo miki saƙo ya tarar ta fara ɗaga hannun da ya shanye. Allah ya ƙara sauƙi, ya ba ki ladan jinya. Yaya zafin Maiduguri, yaya ƙannenki da yaransu?

Kada ki yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Duk lokacin da na kira, sai ƙanwarki ta sa ni a sifika, in ji gidan kaf ana sauraro, har da masu dariya. Mutum da furfurarsa ba zai tambayi matarsa inda ta ɓoye daddawa a gaban taro ba. Tunda Uwaisu yana bin hanyar nan, na koma wa birona.

Ruwa ya zauna, gero ya fito da kyau, gyaɗa ma ba laifi. Amma na san ba labarin gero kike jira ba. Ranar da za ki tafi ba ki ce in kula da awaki ba, ba ki ce in kula da kaina ba. Gaban tsohuwar randar nan ta tsakar gida kika ja ni, kika ce wardin da ke cikinta shi kaɗai ne abu mai rai da hannun marigayiya 'yarmu ya bari a gidan nan, in kika dawo kika tarar ya mutu, kamar an sake yi miki rasuwar ne. Ban manta ba. Na tuna ranar da ta kawo shi daga makarantar koyon aikin gona, ɗan kara mai ƙaya a leda, na ce ba a miya da shi, ba a ba dabba. Da ya yi fure, cikinsa ja, bayansa ruwan ɗorawa, mata suka riƙa sallama don kallo kawai, sai na kama bakina.

To, ki kwantar da hankalinki. Fulawar nan ta shigo hannun manomi. Ku mata shafa ta kuke yi, ba noma ta ba. Na duba gindinta na ga wani ƙulli kamar gwiwar tsoho a waje, rana tana dukansa. Wa yake barin gindin shuka tsirara? Na kwaso ruɓaɓɓen taki daga turken awaki, na haɗa da ƙasa, na rufe shi ruf kamar yadda ake yi wa dawa huɗa. Ba a yi wata ba sai ga sababbin rassa uku sun ɓullo daga ƙarƙashin ƙasa, masu kauri, kore shar, yanzu sun kusa ƙuguna. Tsofaffin rassan nan sirara kuwa sai suka zama abin tausayi a gefensu, suna cinye taki a banza. Sai na yi musu abin da muke yi wa gero in an zo cira, a bar mai ƙarfi a cire rarrauna. Na sa wuƙata na datse su tun daga tushe. Kin sha yi mini tsiyar cewa bahago ba ya yanka daidai, to ki zo ki ga aiki.

Abu ɗaya ne ya ɗan tsaya mini a rai. Da na zubar da rassan a juji, na dawo daga ban ruwan awaki sai na hangi maƙwabcinmu Malam Kallamu mai lambu sunkuye a kan jujin. Yana ganina ya miƙe yana gyara aljihun rigarsa. Ya biyo ni ciki, tunda ba mace a gidan, ya tsaya a gaban randar yana kallonta har na tsargu. Sau biyu yana tambayata ko akwai sauran tsohon reshe ko ɗaya da na bari. Na ce babu. Furar da na dama masa ma bai sha ba, ya ce yana sauri. Na tuna bara ya roƙe ki reshe ɗaya kika ce ba mai sa wa fulawar nan wuƙa. Ina jin ƙyashi ne irin na masu lambu, ya ga manomin gero ya fi shi iya fulawa.

Matarsa Hure tana kawo mini tuwo kullum, na ba ta mukulli don ta riƙa shara in ina gona. Miyarta ba ta kai taki ba, amma kada ki gaya mata.

Ki gaida Hajiya da kyau. Gidan ya yi mini faɗi.

Ni ne mijinki,
Mati

Tofa, 29 ga Agusta

Zuwa ga Maman Ridwan,

Bayan sallama da gaisuwa, yaya mai jiki, yaya hidima? Ina fata kina samun barci, kina kuma cin abinci, don na san halinki in kina jinya. Mu nan lafiya, sai dai ruwan makon jiya ya kayar da katangar bayan gida, wajen turke. Na kafa zana kafin kaka.

Kwana shida ina juya takardar nan ban rubuta ba. Amsa, fulawar ta yi fure, amma ba furenmu ba ne.

Na ga ta fitar da kawuna da yawa a reshe ɗaya, na yi ta murna, don a da ɗaya-ɗaya take yi. Da suka buɗe sai na ga wasu 'yan ƙanana, faɗinsu bai wuce bakin kofin shayi ba, ganye biyar-biyar, fari-fari da ɗan jaja-jaja kamar zanen da ya koɗe. Babu ja, babu ruwan ɗorawa, ƙamshin nan da yake tarar mutum tun daga zaure babu shi. Na ce ko na farko ne, na jira na biyu. Duk ɗaya.

Na zauna na yi tunani irin na mai hankali. Shekara arba'in ina noma, ban taɓa shuka gero ya fito maiwa ba. Shuka ba ta sauya iri don an ba ta taki. In abin da ke cikin randa ya sauya, to hannu ne ya sauya shi. An tuge namu, an dasa mana wani.

Ba na son zato, Allah ya sani, amma ki bi ni a hankali. A ƙarshen Yuni na je ta'aziyya Makoda na kwana biyu. Da na dawo na ga ƙasar randar kamar an taɓa ta, na ɗora wa kaji laifi. Mukullin gidan nan biyu ne, ɗaya a aljihuna, ɗaya a hannun Hure. Shekaranjiya kuma ina wucewa ta gefen lambun Kallamu, sai idona ya kai kan shingen ƙayar da ya yi don awaki. Amsa, furen da ke jikin shingen nan shi ne a randarmu. Na tsinko ɗaya na kawo gida na kara su, ko uwarsu ba za ta bambance su ba. Duk garin nan, daga nan har Rimin Gado, waye yake da wannan ƙayar in ba shi ba?

Na gwada shi. Na ce ina so in shigo lambu in zaɓi dashen mangwaro mai aure, tunda kowa ya san ba wanda ya kai shi iya aurar da mangwaro. Mutumin da a da yake jan hannuna in zo in ga abin da ya shuka, sai ya ce ya yi feshin magani, in bari sai wani lokaci. Yana magana yana kallon ƙafarsa. A masallaci ma yanzu in na tsaya a dama, sai ya koma hagu.

Shekara talatin muna tare. Shi ya karɓar mini aurenki, tunda iyayensa da naki duk daga gabas suka zo. Ina tuna wannan in ji kunyar zatona, sai kuma in fito tsakar gida in ga koɗaɗɗen furen nan, zuciyata ta sake tashi. Na daina cin tuwon Hure, na ce cikina ne ba daɗi. In ta ajiye, sai in juye wa kaji. Ban ce ta sa wani abu ba, amma hannun da ya buɗe wa ɓarawo ƙofa ba na son cin abincinsa.

Ki yafe mini, kin ba ni amana an yi mini sakiyar da ba ruwa. Amma in dai wardin nan yana raye a garin nan, zan nemo shi.

Ki gaida mutanen gida. Kada ki gaya wa Hajiya, jikinta ba ya son damuwa.

Mijinki,
Mati

Tofa, 20 ga Satumba

Maman Ridwan,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Hajiya, Allah ya sa sauƙin ya ɗore. Amsarki ta iso. Na yi zaton zan ga takarda cike, sai na ga layi uku: kada in ce wa Malam Kallamu komai, in tone ƙasar da na tara a gindin fulawar, in gaya miki abin da na gani. Gaskiya raina ya sosu. Ina gaya miki an yi mana sata, ke kina aike na tonon ƙasa. Me zan gani a gindin ƙayar da ba tamu ba? Ban tona ba. Kuma gargaɗinki ya makara da kwana biyu.

Ranar da Kallamu ya kai dashe kasuwar Rimin Gado, na ɗaga ƙyauren lambunsa na shiga da rana tsaka. Na san ba daidai ba ne, amma wanda aka yi wa sata ba ya jiran a ce masa bismillah. Ban ji warin wani magani ba. Na zaga har bayan rijiya, sai na ga wani ɗan wuri a jikin shinge an kewaye shi da kara, an yi masa rumfa kamar mai jego. Na leƙa.

Amsa, shi ne. Reshe ɗaya tak, fure ɗaya a kansa, babba, cikinsa ja, bayansa ruwan ɗorawa. Ƙamshin ya buge ni, na zauna a ƙasa daɓas. Sai na ga kamar yarinyar nan ce tsugune da butarta, tana waiwayowa ta ga ko zan tanka. Ban taɓa tankawa ba. Kin san 'yar fari ce, ko sunanta ban taɓa kira ba, in ta fara yi miki bayanin fulawarta sai in ɗauki fartanyata in fita. Wurin Kallamu take zuwa ta yi surutunta, ta wuni a lambun nan tana ce masa Baba, suna ta yanke-yanke da ɗaure-ɗaure. Wannan ne ya fi ƙona mini rai. Ya rasa wanda zai yi wa sata sai yarinyar da ta ɗauke shi uba.

Ban taɓa furen ba, don kada a ce ni na shiga na yi ɓarna. Na jira aka idar da la'asar. A ƙofar masallaci, gaban liman da mai unguwa da duk wanda ya yi sallah, na miƙe na faɗi abin da na gani. Na ce Kallamu ya ci amanar maƙwabtaka, ya ci amanar mamaci. Na kira shi da sunan da ban taɓa zaton zan kira shi da shi ba.

Kin san me ya yi? Bai yi rantsuwa ba, bai yi faɗa ba. Ya ce shi bai saci komai ba, yana roƙon a ba shi wata biyu. Mai unguwa ya tambaye shi inda ya samo irin, tunda duk ƙasar nan a gidana kaɗai yake. Sai ya ɗago ya dube ni, ya buɗe baki kamar zai yi magana, ya sake sunkuyar da kai. Sau uku ana tambayarsa. Mai gaskiya yana rasa amsar wannan? Jama'a suka fara gunaguni. Mai unguwa ya ce a bar maganar sai an gama yankan gero, kafin nan kada wanda ya taɓa fulawar lambu ko ta gida.

Da safe Hure ta zo, ba ta shigo ba. Ta ajiye mukullin a kan tabarmar zaure, idonta jawur, ta ce Allah ya huci zuciyata, ta juya. Na ji an ce mutane biyu da suka yi odar dashe a wurinsa sun fasa. Na yi zaton zan ji sanyi, amma ban ji ba. Wata biyun da ya roƙa ne yake damuna. Me zai yi da wata biyu? Ina jin so yake ya yawaita irin ya kai birni, a wayi gari furen 'yarmu yana gefen titi ana ciniki.

Ki yi mini addu'a, ba na samun natsuwa ko a gona.

Mati

Tofa, 9 ga Oktoba

Amsa,

Sallama da gaisuwa, da fatan kuna lafiya. Ki yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa.

Abin ya wuce sata. Jiya na wuni a gona muna ɗaurin gero. Da na dawo na ga an ɗage zanar bayan gida an mayar, ba yadda na ɗaure ta ba. A jiƙaƙƙiyar ƙasar wajen turke ga sawun takalmin roba, dunduniyar hagu da faci. Ni na raka shi wurin mai gyara ranar da aka yi facin nan. Dattijo mai jikoki, ya rarrafo ta ƙarƙashin zana kamar ɗan akuya!

Na duba ɗaki ba a taɓa komai ba. Sai da na zo gaban randa na gani. A jikin reshen da ya fi kauri, can ƙasa, an naɗe wani abu da farar leda, an ɗaure tam, da ɗan tudu a ciki kamar laya. Amsa, me ake ɗaurewa a gidan mutum a ɓoye? Ashe wata biyun na wannan ne, a rufe mini baki kafin ranar zama, ko a juya mini tunani in ce na yafe. Na yi ta karanta Ayatul Kursiyyu. Ba zan kai wa liman ba sai na ga abin da ke ciki da idona. Bari in ajiye biro, rana ta fito sosai, yanzu zan kwance shi.

Na dawo. Azahar ta wuce, ban san yadda zan rubuta miki wannan ba.

Na yi bismillah na warware ledar. Babu laya, babu rubutu, babu gashi. An tsaga ɓawon reshen ne a hankali, an zura wani ɗan ɓawo kamar farcen yaro, da ɗan ido kore a tsakiyarsa. Garin warwarewa na fizge shi, ya faɗo a tafina. Na tsaya ina kallonsa. Na san aikin nan. Na sha ganinsa a jikin mangwaron Kallamu. Aure ne.

Na ce to me zai sa ɓarawo ya rarrafo ya aurar da ƙayar da ya dasa mini? Sai layukanki uku suka faɗo mini. Na durƙusa na tone ƙasar da hannuna. Ƙullin nan yana nan, mai kamar gwiwa, inda na binne shi. A kansa ga kututture huɗu sun yi baƙi, kowanne an yanke shi a karkace daga hagu. Duk unguwar nan mutum ɗaya ne yake yanka haka. Rassan nan uku da nake taƙama da su kuwa, daga ƙarƙashin ƙullin suka fito.

Ba wanda ya tuge komai. Saiwar da yarinyar nan ta dasa ce, a randarta, ba ta motsa ba. Na san a mangwaro ƙasan daban ne, saman daban, in ka sare saman sai ɗan banzan ya taso. Wallahi ban taɓa sanin fure ma ana yi masa haka ba. Ƙullin nan shi ne wurin auren. Mai launi biyun shi ne siraran rassan da na ce suna cinye taki a banza. Ni na binne shi, ni na yanke shi, ni na kai shi juji. Yau kuma da aka dawo mini da shi har gida, na sake fizge shi.

Na tabbata marigayiya ta faɗi wannan a tsakar gidan nan ba sau ɗaya ba. Ke kin ji, Kallamu ya ji. Ni ina bakin ƙofa da fartanya a kafaɗa.

Ban iya cin komai ba. Zan je wurinsa in ƙafata ta yarda.

Mati

Tofa, 3 ga Nuwamba

Zuwa ga uwargidana Amsa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da ban haƙuri, yaya Hajiya? Ridwan ya kira ya ce ta fara takawa da sanda, kuma kina shirin dawowa ƙarshen wata. Alhamdu lillahi. Na gode da ba ki rubuto mini faɗa ba, ko da yake shirun naki ya fi faɗan zafi.

Washegarin waccan takardar na je lambun Kallamu. Na yi sallama sau uku kafin ya amsa. Yana ban ruwa, ya rame. Na buɗe tafina na nuna masa ɗan idon da ya bushe. Ya dube shi ya ce in da na bar shi kwana ashirin da ya kama. Iyakar faɗan da ya yi mini ke nan.

Ya gaya mini yadda aka yi. Ranar da ya ga rassan a juji ya gane abin da ya faru, ya tsince su ya naɗe a jiƙaƙƙen tsumma. Ƙayar shingensa ashe daga randarmu ta fito tun asali: irin rassan ƙasan nan ne da marigayiya take cirewa duk sanda suka ɓullo, ta kai masa ya kafa don awaki. A jikinsu ya aurar da ido bakwai daga rassan da na zubar. Shida suka mutu, ɗaya ya kama, shi ne na gani a bayan rijiya. Nufinsa in reshen ya ƙosa ya ɗebi ido ya mayar a kan saiwarta, a randarta, ki dawo ki tarar da abinki, ni kuma in ci gaba da cewa takina ne ya yi aiki.

Na ce to me ya hana shi faɗa a ƙofar masallaci, da kalma ɗaya ta wanke shi. Ya daɗe yana murza bakin bokiti. Sannan ya ce shi ya kama gaban makarar yarinyar nan, ya ga yadda na tsaya a bakin kabari ban yi hawaye ba saboda kunya, ya san inda baƙin cikin ya tafi ya zauna. Ya ce ya duba fuskata a ranar nan, ya ga ba shi da bakin da zai gaya wa uba a gaban jama'a cewa da hannunsa ya yanke abin da 'yarsa ta bari. A ce masa ɓarawo na wata biyu ya fi masa sauƙi.

Amsa, kukan da ban yi a maƙabarta ba, a bakin rijiyar Kallamu na yi shi.

A ranar, bayan la'asar, na miƙe a daidai inda na tsaya wancan karon. Na faɗi komai, har da shigata lambunsa da tuwon Hure da na riƙa juye wa kaji. Na ce wanda ya ji na farko ya kai na biyu inda ya kai wancan. Kallamu ya ce ya yafe. Hure ma ta ce ta yafe, amma har yau ba ta karɓi mukullin ba, tuwon a zaure take ajiyewa. Ban ga laifinta ba. Ɗaya daga masu odar dashen ya dawo, ɗayan ya riga ya saya a wani wuri. Wannan ba abin da zan iya mayar masa ba ne.

Saura ido biyu masu kyau a reshen nasa, kuma ba a samunsu sai an yanke shi da sabon furen da ke kai. Ya yanke bai yi wata-wata ba. Ya shigo ta ƙofa wannan karon, ya aurar da ɗaya a randarmu, ɗayan ya mayar a shinge saboda tsaro. Na riƙe masa leda, ya sa na kalli komai. Ya bar ɗan guntun karan ganye a jikin idon, ya ce bayan mako uku in taɓa shi da yatsa: in ya faɗi da kansa an dace, in ya bushe ya maƙale to sai haƙuri. Na kwashe ƙasar da na tara, ƙullin yana shan iska. Na kewaye randar da ƙaya saboda awaki, ko da yake ba akuya ce ta yi ɓarnar farko ba.

Mako ukun nan ban je ko kasuwa ba. Yau da safe na kira shi, don na kasa taɓawa ni kaɗai. Na sa yatsa, guntun ya faɗi. Idon yana nan kore, ya ɗan kumbura, bai fi ƙwayar gero ba. Sai ya miƙo mini wuƙarsa, ya ce in datse manyan rassan nan nawa, wanda aka aura a sama da idon kaɗan, sauran biyun tun daga tushe, don ƙarfin ya koma inda ya dace. Na tambaye shi sau uku a ina zan yanka kafin na yanka.

Don haka kada ki zo da tsammanin fure. Za ki tarar da guntun kara da ɗan ido ɗaya. Ya ce in Allah ya so, kafin zafi ya shigo zai buɗe. In kin dawo ina so ki zaunar da ni a gaban randar ki gaya mini duk abin da ta riƙa faɗa miki, tun daga farko, ba zan tashi ba.

Furen da aka yanke na ajiye shi a cikin littafi. Ga ganyensa biyu a cikin ambulan, sun bushe amma launin bai tafi ba, ki juya ki ga bayan. Ki nuna wa Hajiya, ki ce mata na jikarta ne. Na Sadiƙa. Kin ga na rubuta. Shekara ashirin da uku tana gidan nan ban kira ta ba, yau na faɗa da bakina a gaban randa, Kallamu yana tsaye ya yi kamar bai ji ba.

Allah ya jiƙanta, ya kawo ki lafiya. Ki gaida kowa da kowa.

Ni ne mijinki mai jiran zuwanki,
Mati, Baban Sadiƙa